Mako Huɗu Saboda Lalle

Ranar Talata ce, ƙarfe takwas da minti ashirin na safe, a tsakiyar bazarar shekarar da aka katse layukan waya a Maiduguri, kodayake a ranar ba a kai ga katsewar ba tukuna. Mu uku ne a ƙaramin ɗakin da ke gaban ofishin likitan fata: ni, da wata mata da ta ba hamsin baya, da mijinta, dillalin shanu mazaunin Bolori. Na san lokacin daidai domin agogona a maƙale yake a ƙirjin rigata, kuma ban taɓa karɓar katin marar lafiya ban duba shi ba.

A lokacin na riga na yi ritaya da shekara huɗu. An sake kirana ne saboda ma'aikata sun yi ƙaranci. Wasu sun nemi canjin wurin aiki, wasu sun tafi hutu ba su dawo ba, kuma ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. A makarantar mishan na yi karatu, a kudancin Borno, a hannun wata Baturiya da ke duba faratanmu kowace safiya kafin ta duba littattafanmu. Ita ta koya mini aikin jinya, ita kuma ta koya mini cewa ciwon fata da ido ake fara gane shi: a dubi launinsa, a dubi bakinsa, a ga inda ya rabu da lafiyayyar fata. Saboda haka duk wanda zai ga likita a hannuna, sai ya zo da fata wankakkiya, babu mai, babu toka, babu garin magani. Fiye da shekara talatin na riƙe wannan ƙa'ida, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sashen fata ranar Talata kaɗai yake zama, likita kuma ɗaya ya rage mana. Dole a sallami kowa kafin la'asar, domin mutane su wuce shingayen sojoji su isa gida kafin dokar hana fita. Aikina shi ne in fara duba kowa, in ware wanda zai shiga wurin likita a ranar da wanda zai iya jira.

Yawancin masu zuwa, ƙazuwa ce da makero ke kawo su, abin da cunkoso da rashin ruwa ke haifarwa. Masu sankarar fata ba su da yawa, amma na kan gane su tun daga bakin ƙofa. Akwai manoma masu gyambon da ya shekara ashirin a ƙwauri, wanda wata rana bakinsa zai kumbura ya juyo waje, ya fara wari irin wanda ba na gyambo ba. Akwai tsofaffin matan da suka faɗa wuta tun suna rarrafe, tabon ya zauna lafiya har suka ga jikoki, sannan ya fashe ya ƙi rufewa. Zabiya su ne mafi ƙuruciya, kuma su suka fi ba ni tausayi a waɗannan shekaru, domin wanda ya baro inuwar gidansu yana wuni a filin makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira, rana sai ta cinye masa kunne da leɓe da ƙeya. Likita ya taɓa ce mini irin sankarar da littattafan Turai suka cika da ita, wadda rana ke jawowa, a wurinmu kusan sai a jikin zabiya ake ganinta. Sai kuma masu baƙaƙen ƙulaye a ƙafa, waɗanda ke magana ƙasa-ƙasa domin sun san gwajin jinin ƙanjamau zai biyo baya. A da idan na tambayi mutum garinsa, sai ya faɗi gari ɗaya. A lokacin nan kuwa sai ya faɗi gari, ya yi shiru, sannan ya faɗi gidan ɗan'uwan da yake kwana.

Wadda na fi tsoro a cikinsu duka ita ce mafi ƙanƙanta: baƙin tabo a tafin ƙafa ko a diddige, wanda ba ya zafi, ba ya hana tafiya, mai shi kuma yakan ce ƙaya ce ta karye a ciki. Na san ta sarai. Ba zan ce rashin sani ne ya sa na yi abin da na yi ba.

A safiyar nan, mijin matar ne ya fara magana, tun kafin su zauna.

"Sista, ga ta nan na kawo miki. Wata uku ina fama da ita, ta ce ƙaya ce. Ni kuwa shekara arba'in ina duba kofato, na san ƙaya idan na gan ta."

"Ji shi," in ji matar. "Wai ni zai haɗa da saniya."

"Saniya ai tana tsayawa a duba ta."

Na ce mata ta cire takalmi ta ɗora ƙafar hagu a kan kujerar tsuguno. Ta cire, ta ɗora, ta gyara lafayarta ta rufe ƙwauri. Tafin ƙafar baƙi ƙirin yake da sabon ƙunshi, irin wanda ake bi da gishirin lalle don ya yi duhu, an zagaye shi tsaf har gefen diddige. Ƙanshin lallen ma bai tafi ba. Na sa safar hannu na bi diddigen da babban yatsa, na ji wani wuri ya ɗan taso, faɗinsa bai wuce ƙwayar gujiya ba. Na matso da fitila, na karkata ƙafar, na sake dubawa. Ban iya gane inda lalle ya tsaya da inda tabon ya fara ba.

"Yaushe aka yi wannan ƙunshin?"

"Jiya, Sista."

"Jiya. Kin san yau za ki zo asibiti?"

"Na sani mana," ta ce, tana murmushi.

Murmushin nan na ɗauke shi rashin ɗaukar abu da muhimmanci. A waje bencina cike yake, akwai wani dattijo da wuyansa ke zubar da ruwa tun asuba yana jira. Na ce mata, "Hajiya, nan asibiti ne, ba gidan biki ba. Likita zai duba launin abin nan ne, ke kuma kin shafe shi da baƙi. Me kike so ya gani?"

Murmushin ya ɗauke. Ta sauke ƙafar a hankali, ta sa takalminta. Na ɗauki katinta na ƙirga mako huɗu, lokacin da na san lalle zai kankare daga tafin ƙafa, na rubuta ranar.

"Kada lalle ya sake taɓa ƙafar nan sai likita ya gan ta. Kin ji ni?"

"Na ji, Sista."

Mijin ya ɗan matso. "Sista, ko leƙawa ce ya yi, tunda mun riga mun zo?"

"Alhaji, kai za ka sayi saniyar da aka shafe da laka?"

Ya yi dariya har da tafa cinya. "Wallahi ta kama ni. Tashi mu tafi, uwargida, yau mun haɗu da wadda ta fi mu ciniki."

Suka fita, na kira na gaba. Duk abin bai kai minti goma ba.

Ranar da mako huɗu ya cika, shi kaɗai ya zo, da katin a naɗe cikin leda. Ya ce yayar matarsa ce ta rasu a wani ƙauye can gaba da Khaddamari. Matar ta ce tunda Sista ta ba ta mako huɗu, bari ta je ta yi sadakar uku ta dawo. Tana can aka rufe hanya, aka katse waya. Sojoji ba sa barin kowa ya fita, yaran nan masu bindiga kuma sun tare dajin da ke tsakani, ba mai shigowa. Bai san halin da take ciki ba, ita ma ba ta san nasa ba.

"Ki canja mata rana, Sista," ya ce, "kada a ce ta yi wasa da asibiti."

Na ɗauki rula na ja layi a kan ranar farko, na rubuta wata, mako huɗu gaba. Da ta cika ya dawo, na sake ja. Haka ya yi ta zuwa, damina ta sauka, azumi ya zo ya wuce. Ba ya tsallake layi, sai ya zauna a benci cikin masu ƙazuwa har a kira sunan matarsa, sannan ya tashi ya miƙo katin da hannu biyu. Babbar rigarsa ta fara yi masa yawa. Ya ce kasuwar shanu ta zama fili, dillalai sai zaman inuwa. Sau biyu ya nemi ya bi hanyar da ƙafa, ana mayar da shi daga shinge.

A zuwansa na uku ya tsaya bayan na miƙa masa katin.

"Sista, abin nan na ƙafarta, yana jira ne ko yana girma?"

"Likita ne zai faɗi wannan," na ce.

Na san amsar, kuma ina jin shi ma ya san na sani. Da aka tashi aiki a ranar na shiga ofishin likita na gaya masa duk yadda aka yi. Wannan likita ɗan cikina ne a shekaru. Ni na koya masa wankin ciwo lokacin yana ɗalibi, har na taɓa mayar da shi ya sake wanke hannu sau uku a gaban 'yan'uwansa. Ya saurare ni har na gama, yana juya biro a hannu.

"Mama," ya ce, "lalle ai a sama yake tsayawa. Da kin shigo da ita, da mun yi mata allurar kashe zafi mun yanki ɗan nama mun aika ɗakin gwaji. Su can ba ruwansu da ƙunshi."

"Ƙa'ida ce," na ce.

"Na sani, Mama."

Ƙa'idar an kafa ta ne a zamanin da ido shi ne dukkan kayan aikinmu, a asibitin da ba shi da ɗakin gwaji, kuma a ƙasar da idan ka ce wa mutum ya dawo bayan mako huɗu, hanya tana nan tana jiransa. Na san ɗakin gwaji yana nan, ni da kaina nake kai kwalaben nama can. Na san kuma irin garin da muke ciki, ina jin ƙarar abin da ke tashi daga bayan gari kamar yadda kowa ke ji. Amma ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa da ƙa'idar ba. Na ga ƙafa da lalle, na yi abin da nake yi wa ƙafa mai lalle.

Ta dawo bayan Babbar Sallah, ana cikin girbin dawa, wata bakwai ke nan da zuwanta na farko. A keke mai ƙafa uku aka kawo ta har bakin baranda, mijin ya tallafo ta. Ta rame har sai da na duba katin kafin na tabbatar ita ce. Ashe ita da wasu mata ne suka biyo ta cikin gonaki, kwana biyu suna tafiya, har suka faɗo inda sojoji suke. A kan wannan diddigen ta yi tafiyar.

Ban ce ta cire komai ba. Da kanta ta ɗora ƙafar a kan kujerar, ta warware tsumman ɗankwalin da ta naɗe ta da shi. Tafin ƙafar fari fat, duk faso, faratan sun fito sababbi babu ko alamar ja. Diddigen kuwa ya zama ƙulli baƙi, girmansa kamar lemon tsami, ya fashe a tsakiya yana tsattsafar da jini. Ƙananan baƙaƙen ɗigo sun hau ƙwauri. Da na sa hannu a matsematsinta, na ji kaluluwa tauri kamar tsakuwa, ba ta motsi.

"Duba da kyau, Sista," ta ce. "Ko ɗigo babu."

A ranar ita ta fara shiga wurin likita. Aka yanki nama, aka ba ta gado a ɗakin mata, na kuma nemi a bar mini wankin ciwon da kaina kowace safiya, duk da cewa ba aikin sashena ba ne. A wurin wankin nan ne ta ba ni labarin zamanta a ƙauyen, kaɗan-kaɗan, tana kallon rufin ɗaki domin ba ta son ganin almakashi.

Ta ce ko a cikin wannan hali, da Ƙaramar Sallah ta zo, matan gidan sun tsinko lalle a bayan danga sun daka, sun ce ko ba nama ba sabon zane, ƙafa dai za ta san an yi Sallah. Ita ta ƙi. Suka ce, "Mijinki da ransa kike takaba?" Wata gwaggonta ta ce mata kiran mutuwa take yi masa, idan wani abu ya same shi a birni ita ta jawo. Ita kuwa ba ta san ko yana raye ba. Ta ce wannan maganar ta fi ciwon ƙafar ci mata rai.

"Na ce musu Sista ta hana. Suka ce wace ce Sista, uwarki ce? Na ce ku dai ba ku gan ta ba ne. Da kun gan ta, da ko kwalli ba ku sa ba."

Ta yi dariya, ni kuma na ci gaba da naɗa bandeji. Sai na yi tambayar da ya kamata in yi tun a bazara.

"Me ya sa kika yi ƙunshi ana gobe za ki zo?"

Ta juyo ta dube ni, kamar mai mamakin a ce babba kamata ba ta san wannan ba.

"Ai an ce mini likitan namiji ne. Mu a wurinmu matar aure ba ta miƙa wa baƙon namiji farar ƙafa, kamar wadda ba ta da kowa. Sai na ce bari in gyara ta, kada ya ga ban girmama shi ba. Har sau biyu na sa aka ɗaura mini, don ya kama sosai."

Shekara arba'in ina zaune a garin nan. Na karɓi haihuwar matan Barebari da na Shuwa ba adadi, na ci tuwon sunan 'ya'yansu, ina amsa gaisuwarsu da harshensu. Na ga ƙunshi a ƙafafun da suka fi ƙarfin ƙirga, kuma kullum kwalliya na ɗauke shi, abin da ake yi don biki. Ban taɓa tambayar kowa ba.

Ba a koya mini ba da haƙuri ga marar lafiya ba. An koya mana cewa ma'aikaciyar jinya ba ta kuskuren da zai sa ta ba da haƙuri. Sai da na kwana uku ina shirya maganar, kamar mai shirya jarrabawa, sannan na faɗe ta bayan na gama ɗaure ciwon na wanke hannu.

"Hajiya, ni na mayar da ke a ranar nan. Da na shigar da ke, da an duba ki, lalle ko ba lalle. Ba daidai na yi ba."

Ta sauke ido daga rufin ɗaki ta dube ni.

"Ke kika rufe hanya, Sista?"

"A'a. Amma ni na ba ki mako huɗun da kika tafi da shi."

"To, Allah ya yafe mana baki ɗaya," ta ce. "Ɗaure nan da kyau, jiya ya kwance."

Sakamakon gwaji ya fito da abin da muka riga muka sani. Hoton ƙirji da na ciki suka nuna ciwon ya kai huhu da hanta. Likita ya zauna a bakin gadon ya yi musu bayani da Hausa mai sauƙi, bai ɓoye komai ba. Mijin ya saurara yana murza hularsa a gwiwa.

"A yanke ƙafar mana, Likita. Ni zan riƙa ɗaukarta."

"Da wane bayan?" in ji matar. "Kai da buhun dusa ke kayarwa."

Likita ya ce yanke ƙafar ba zai tsayar da komai ba, sai dai ya ƙara mata wahala. Abin da ya rage shi ne a rage mata zafi, a tsabtace ciwon, ta zauna cikin iyalinta. Da muka fito baranda ya ce mini, irin wannan sankara tana da saurin tafiya, mai yiwuwa ne tun a bazara ta riga ta wuce diddige, ba wanda zai iya tabbatarwa. Na gode masa. Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai iya tabbatarwa, kuma da na shigar da ita a ranar da an tabbatar. Tun daga wannan mako, duk wanda ya zo da tabo a tafin ƙafa, ko da me ya shafe shi, kai tsaye nake shigar da shi, har na bar aikin.

Mako uku ta yi a gadon. Ranar sallama na zo da wuri na yi mata wankin ƙarshe, na haɗa musu auduga da bandeji da maganin zafi, na koya wa mijin yadda ake naɗawa, na sa ya kwance ya sake har sau uku. Tana zaune a bakin gado, an sa mata takalmi a ƙafa ɗaya, sai ta ce, "Sista, an gama kallon?"

"An gama."

"To, ƙafar dama fa, in yi mata lalle? Ita ba ta yi wa kowa laifi ba."

Na ce ta yi duk yadda take so da ita, da ta hagun ma, muddin ba a taɓa bakin ciwon ba. Mijin ya ce yau ɗin nan zai biya kasuwa ya sayo mata lallen da hannunsa.

"Kai?" ta ce. "Garin kuka za ka kawo mini. A aiki maƙwabciya."

Sau biyu na je gidansu a Bolori, ranar Asabar, na duba ciwon na gyara ɗaurin. A zuwa na biyu ba ta gane ni ba. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, kwana goma sha tara bayan sallamarta, aka yi jana'izarta bayan azahar.